Ɗaurin Saje Audu da Karatun Suwaiba

Duk wanda ya sauka Dubai da takardunsa a hammata, ya yi ta yawon ofisoshi har takalminsa ya suɗe bai samu aiki ba, ƙarshenta sai wani ya ce masa, "Je ka Ras Al Khor wurin Baba Soja, ɗaurin kaya ai ƙarfi ne kawai." Haka suke zuwar mini, da turare da gyaran gemu, suna ganin alfarma za su yi mini kafin aikin kirki ya fito. Ba na musu da kowa. Dila ɗaya nake nuna wa mutum, in miƙa masa igiya, in koma gefe in sha shayina. In ya gama ya share gumi yana jiran yabo, sai in sa ƙafa in ture dilar. Kafin ta gama juyawa ta yi hamma, kaya sun watse. To ku masu wannan tunanin nake yi wa rubutun nan, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Sunana Tanko, ni ne Baba Sojan. Aikina ɗaure dila da loda kwantena, kayan 'yan kasuwarmu da ke tafiya Kano ta ruwa. Kuna ganin igiya ba ta wuce igiya ba. To ni igiyar da nake ɗaurawa a nan ta kusa hana wata yarinya a gida karatun da ubanta ya biya mata da ransa, ban san yarinyar ba, ban san uban ba. Amma ba za ku gane yadda aka yi ba sai na gaya muku inda na koyi ɗaurin.

A soja na koya, a sashen motoci, ƙarƙashin wani gajeren mutum mai suna Saje Audu, Allah ya jiƙansa. Ranar farko da aka kai mu yadinsa muna kurata, mun ɗauka sitiyari za a ba mu. Sai ya sa aka loda wa wata tsohuwar mota duro-duro, ya ɗora tulu cike da ruwa a can sama, ya ce in rufe da tamfol in ɗaure. Na ɗaure iya ƙarfina, ƙulli kan ƙulli, har ina jin daɗi. Ya shiga ya ja motar ya bi hanyar bayan bariki, wadda ko jaki sai ya yi tunani kafin ya bi ta. Da ya dawo, tulun ya zama katanga, ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin bodi. Bai yi faɗa ba. Ya ce in kwance. Nan ne na san na shiga uku, don ƙullin ya sha ruwa ya ƙanƙame, na yi da farce na yi da haƙori ya ƙi. Na zaro wuƙa. Ya buge mini hannu da sandarsa ya ce, "Wanda ya sa wa igiya wuƙa ya gaya wa duniya bai iya ɗauri ba. Ran da mota ta kama wuta da kaya a bayanta, wa zai jira ka nemo wuƙa?"

Sannan ya nuna mana nasa. Ana yin hanci a tsakiyar igiya, a zagayo da bakinta ta ƙarƙashin ƙugiya, a zura a hancin a ja, sai ƙarfin mutum ɗaya ya koma na biyu. Wannan kowane direban babbar mota ya iya. Abin da Saje Audu ya ƙara shi ne ƙarshen. Ba ya ƙulle shi tamau, sai ya ninke wutsiyar ya cusa ta ƙarƙashin murɗin, ya bar ɗan baki kamar tsawon yatsa a waje. Kaya na ƙara jijjiga ɗaurin na ƙara kamawa, amma in ka kama ɗan bakin nan ka fizga sau ɗaya, gaba ɗaya ya warware. Ya sa mun yi shi da ido a rufe, mun yi da hannu jiƙe da baƙin mai, mun yi a cikin ruwan sama. Duk wanda ya bi ta yadin nan, har ya mutu haka zai ɗaure ko da akuya ce. Ban taɓa ganin wanda bai bi ta hannunsa ba yana yin irinsa.

Da na bar soja na zo nan, a bakin ruwan Port Saeed na fara, inda jiragen katako ke jere ana tula musu firji da taya da buhunan shinkafa. Ɗan dako nake kawai, ba wanda ya tambayi sunana. Wata rana iska ta taso, tarin katan-katan da aka jibge a bakin jirgi ya fara rangaji, mutane suka tsaya suna ihu da yare kala-kala. Na ja igiya na zagaye shi na yi ɗaurin Saje. Mai jirgin, wani tsoho mai jan gemu, ya sauko ya girgiza tarin da hannu biyu, ya ƙi motsi. Ya fizgi ɗan bakin, ya warware. Ya ce in sake. Daga ranar na daina ɗaukar kaya a ka, na koma mai ɗaurewa, daga can kuma wani mai sito ya ɗauko ni ya kawo ni Ras Al Khor.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Basilla ta ɗinke bakin buhu, igiyar nailan mai laushi wadda ba ta cin kaya, tef na awo, alƙalamin rubuta suna a jikin dila, da guduma da kusoshi na kafa katako a cikin kwantena. Akwai inji mai ɗaure dila da bel na roba, samari na son shi don yana ƙara kamar aikin gaske ake yi. Ni ma ina amfani da shi, amma a kai sai na bi da igiya, don bel in ya tsinke a hanya shi ke nan. Sauran kayan aikin a ka suke. Ka san nauyi ba ya fasa kaya, gurbi ke fasa su. Duk inda ka bar rami a kwantena, teku zai nemo shi. Ka san kwantena na gumi, rufinta na ɗiga in ta bar zafin nan ta shiga sanyin ruwa, don haka yadi ba ya kwana a sama ba leda. Ka san turare da dabino ba sa maƙwabtaka. Na taɓa ganin wanda ya haɗa su, aka yi azumi guda a Kano ana buɗa baki da dabino mai ƙamshin amarya.

Sai kuma sanin mutane. Ɗan kasuwarmu in ya ce maka, "Ɗan ƙulli ne kawai zan ƙara," nemi ƙarti biyu su kama maka. In ya ce babu abin fashewa a ciki, girgiza ka ji. Kuma ba wanda zai zo da wuri, sai ana shirin rufe kwantena za ka gan shi da tasi cike da kaya yana "Yalla Baba Soja, shwaiya, ɗan kaɗan kawai," kamar bai taɓa jin ba a fafe gora ranar tafiya ba. Cikinsu wadda na fi jimawa da ita Hajiya Rabi ce, mai sarin abaya da hijabi da takalman mata. Ita ba ta yarda wani ya taɓa dilarta sai ni. A Kano take rarraba wa masu ƙananan shaguna, dila-dila, yadda na ɗaure su haka suke isa hannun mai saye.

Shekarar korona ita ce shekarar da ba na son tunawa. Aka rufe sito, aka tsare mu a masaukinmu can Dubai Investments Park, mutum da gadonsa. Waɗanda muke aiki tare aka riƙa sallamarsu, kullum sai ka ga katifa a naɗe. Kantar tafin hannuna ta saɓule, hannun ya yi laushi kamar na ma'aikacin banki, abin ya ba ni tsoro fiye da yunwa. Sai na riƙa ɗaure ƙafar gado ina kwancewa, har abokan ɗakina suka fara raɗa cewa tsohon ya taɓu. Na ce ba zan koma gida ba sai an kore ni da sanda. Da aka buɗe, dilar farko da ta zo hannuna ta Hajiya Rabi ce. Na ɗaure ta ina waƙa, na gyara wutsiyar ta zauna daram. Ban taɓa yin ɗauri da farin ciki irin na ranar ba.

An kwana biyu da wucewar wannan, wata safiya gab da azumi, sai ga Hajiya Rabi a sito ba kaya ba tasi, waya kawai a hannunta. Ta ce, "Baba Soja, ajiye basillar nan shwaiya. Magana ce, kuma bakina ne ya jawo ta." Ta ce cikin masu sayen dila a wurinta akwai wata Asabe, matar soja, mai ɗan tebur a wata unguwa da ke jingine da katangar bariki a hanyar Zariya. Shekarun baya matar ta taɓa tambayarta wa ke ɗaure mata kaya a Dubai. Ita kuma tana tsakiyar ciniki ta ce, "Wani Bahaushe ne, tsohon soja," ta wuce abinta. Sai makon jiya 'yar matar ta biyo ta har shago tana kuka. Hajiya ta danna waya ta kira yarinyar ta miƙo mini ta ce in ji da kunnena.

"Baba ina wuni, sunana Suwaiba," muryar ta ce. Yarinya ce mai magana a tsanake, irin yaran bariki da ba sa jan zance. Ta ce ubanta Kofur Ilu direba ne a soja. Tana firamare aka tura su daji, aka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna. An ga motarsa a ƙone, shi ba a gan shi ba, ba a ga gawa ba. Da lokaci ya ja, hukuma ta sa shi cikin waɗanda suka rasu a bakin aiki, aka aika wa uwarta ta zo a yi maganar hakkinsa, a kuma sa sunan Suwaiba da ƙannenta maza biyu cikin yaran da ake biya wa makaranta.

Ga wanda bai san bariki ba, in soja ya mutu a bakin aiki, akwai tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansa, tun daga ƙasa har babbar makaranta. Sai dai ba ya zuwa da kansa. Wanda mamacin ya rubuta a matsayin mai karɓar hakkinsa shi zai je ya amsa cewa e, ya rasu, ya gabatar da yaran a tantance su, kuma akwai shekarun da in yaro ya wuce su ba a sa sunansa ba, ƙofa ta rufe masa. Na sha jin mutane na kiran abin nan taimako, raina ya ɓaci. Ba sadaka ba ce. Uban ya riga ya biya, da abin da ba a sayen sa a kasuwa.

"Mama ta so ta je, Baba," in ji Suwaiba. "Ana cikin haka ta sari dilar farko a wurin Hajiya. Tana ganin igiyar ta zauna a ƙasa. Haka Babanmu ke ɗaure komai, igiyar shanya, kayanmu in an yi mana transfa, har ragon layya. Da Hajiya ta ce mata tsohon soja ne a Dubai, shi ke nan. Ta ce yana da rai, gudu ya yi ya tsallake, yana tsoron kotun soja, da igiya yake aiko mata da saƙo. Ta ce ba za ta sa hannu a kan mutuwar mai rai ba."

Na tambaye ta ko ta taɓa jin sunan Saje Audu. Ta ce ai Babansu ba ya ɗauri bai ambace shi ba. Ashe ƙanena ne a yadi, ya zo bayan na tafi.

"Shekarar korona kaya suka daina zuwa," ta ci gaba. "Mama ta rame. Ta ce in babbar salla ta wuce ba ta ga komai ba, za ta haƙura ta kai mu ofis. Har ta wanke mana kaya. Sai aka buɗe hanya, dila ta zo, da ɗaurin a kai sabo fil. Ranar sai da ta yi sadakar waina."

Dilar da na ɗaure ina waƙa ke nan. Na ji kamar ita aka ɗora mini a ƙirji. Suwaiba ta ce ta gama sakandare da guminsu, an ba ta gurbi a makarantar koyon aikin jinya, teburin uwarta ba zai iya ɗaukar wannan ba. Tantancewar bana bayan ƙaramar salla ce, amma sai uwar ta je ofis ta sa hannu kafin sallar, kuma ita ce ta ƙarshe da shekarun Suwaiba za su shiga. In ta wuce, ita kam ta fita, sai dai ƙannen.

Na ce abu mai sauƙi, a haɗa ni da uwar a kiran bidiyo. Washegari na jingine waya a jikin katan, na gaishe ta, na faɗi sunana da na Saje Audu, na ɗauko dila na ɗaure a gabanta a hankali. Ko kallon hannuna ba ta yi ba. Bayana take leƙe, inda ma'aikata ke kai da kawowa. Ta ce, "Oga, wancan mai jar riga, ce masa ya juyo." Na kira shi ya juyo, wani Bafatane ne mai gashin baki, ba ma Bahaushe ba. Ta ce na kusa da shi fa. Haka na jera mata duk mutanen siton, har mai tuƙa injin ɗaga kaya, suna ɗaga mata hannu suna dariya don ba su san abin da ake ciki ba. Da suka ƙare ta yi murmushi ta ce, "Na gode Oga. Na san ba zai fito ba. In ya dawo ka ce masa ba na fushi. Ka ce ko kotun ce ya zo, tare za mu je."

Aka kashe waya. Hajiya ta ce ko in daina irin ɗaurin a kayanta. Na ce wannan ya ci shekara kafin ya yi aiki, mu kuwa wata guda gare mu da 'yan kwanaki. Zuwa da kai ya fi aike.

Gab da azumi shi ne kakarmu, lokacin da ko ciwon kai ba a yarda ka yi ba. Na sami arbab, wato mai siton, na ce zan je gida. Ya cire tabarau ya ce, "Tanko, habibi, matar 'yar'uwarka ce?" Na ce a'a. "Mijin abokinka ne?" Na ce ban taɓa ganinsa ba. Ya ce, "To khalas, shi ke nan, sai bayan idi." Na ce bayan idi ƙofar ta rufe. Ya tuna mini takardar zamana ta kusa ƙarewa, kuma lokacin biza ta yi wa 'yan Najeriya wuya, in na fita wani abu ya sarƙe, shi ba abin da zai iya. Gaskiya ya faɗa, kuma na ji tsoro, don a shekaruna ban san sana'ar da zan kama a gida ba. Amma na ce masa a sashenmu in motar gaba ta lalace, ta baya ke jan ta, ba a tsayawa tambayar ko ka san direban. Na yi kwanaki ina ɗaure kayan da ke ƙasa har hannuna ya fashe, na loda kwantenonin da ke layi, na sa igiya sabuwa a jaka na tafi. Dawowar ta ba ni wuya ƙwarai, amma ga ni.

Hajiya Rabi ce ta raka ni, don ba zan faɗa gidan matar mutum ni kaɗai ba. Muka isa da hantsi. Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa, ga teburin hijabai a ƙofa, ta saman katanga kana jin ana fareti. Suwaiba ta shimfiɗa mana tabarma, doguwa ce siririya, ta durƙusa ta gaishe ni. Sai uwar ta fito. Ta sha kwalli, ga lalle a hannu, ga 'yan kunne, atamfarta a goge, shigar matar da mijinta zai iya sallama kowane lokaci. Suwaiba ta gaya mini daga baya kullum haka take. Ta gaishe ni, idonta na kan hanyar da muka biyo.

Ta ce, "Kai kaɗai ka zo, Oga?"

Na ce, "Ni kaɗai ne, Maman Suwaiba. Dama ni kaɗai ne."

Ta shiga ɗaki ta jawo wani buhu ta zazzage a gabana. Igiyoyina ne, tuli guda, ko ɗaya ba a kwance ba. Ashe buhun dilar take farkewa ta zare kayan ta gefe, ta bar igiyar da ƙullinta. Na ga tsofaffi da suka koɗe, na ga na bana. Wallahi ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba.

Na ce ta ba ni abin da zan ɗaure. Sai ta ce wa Suwaiba su kamo akwatin. Suka fito da akwatin ƙarfe irin na soja, an zagaye shi da tsohuwar igiya. Ta ce kayan gida na Ilu ne a ciki, shi ya ɗaure da hannunsa ranar da zai tafi, ba wanda ya taɓa. Na duba, ɗaurin Saje Audu ne tsaf, aikin mutumin da ya iya. Ta ce, "Yi naka a gefensa."

Na zaro sabuwar igiyata na zagaye akwatin. Na yi hanci, na zura, na ja, na ninke wutsiya na cusa. Wannan karon hannuna take kallo, ba ta ko ƙiftawa. Da na janye, ga ƙulli biyu kafaɗa da kafaɗa, komai iri ɗaya, sai abu guda. Ɗan bakin nasa dama yake kallo, nawa hagu. Ni bahago ne. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa kawo wa raina cewa hakan na fitowa a igiya ba.

Na buɗe baki zan nuna mata, ta riga ni.

"Na sani," ta ce. "Tun dilar farko na gani. Ilu ba bahago ba ne. Na ce wa kaina ƙila rauni ya ji a hannun dama."

Suwaiba ta ce, "Mama!" Uwar ba ta dube ta ba.

"To me zan ce, Oga? Duk wanda ya shigo gidan nan, 'Allah ya bayyana shi' yake ce mini. Uwarsa haka, 'yan'uwansa haka, maƙwabta haka. Ba a yi masa salla ba, ba a yi zaman makoki ba, ko mutum ɗaya bai taɓa yi mini gaisuwa ba. Ni ce zan fara? Ni matarsa, in tashi da ƙafata in je ofis in ce ya mutu, don a biya wa 'ya'yana makaranta? A ce na sayar da shi?"

Nan na gane ba igiya ce ta kawo ni ba. Kowa na jiran wani ya fara, kuma duk wanda ya san Ilu bakinsa ba zai iya ba. Ni ma bakina ya yi nauyi, don ban ga gawarsa ba, kuma na san abin da zan ɗauka a wuyana. Amma na san irin motar da yake ja, na san abin da ake nufi in an ce an same ta a ƙone a wannan dajin, kuma na san mutumin da ya yi ɗaurin da ke kan akwatin nan ba zai yi shekaru yana numfashi bai nemi iyalinsa ba. Na gyara zama na tanƙwashe ƙafa, na ɗaga tafin hannuna.

Na ce, "Maman Suwaiba, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Kofur Ilu. Allah ya sa ya huta, ya karɓi shahadarsa."

Hajiya Rabi ta dafe ƙirji. Suwaiba ta toshe baki da gefen hijabi. Matar ta zuba mini ido kamar na mare ta, har na ɗauka korata za ta yi. Ban sauke hannu ba. Na sake faɗa, da ƙarfi yadda na bayan katanga zai ji.

Ta ce, "Amin."

Daga nan kuka ya ƙwace mata, irin wanda ya daɗe a ajiye. Matan maƙwabta suka jiyo suka fara leƙowa, suka ga hannuna a sama, suka gane. Wata tsohuwa ta fara shigowa ta durƙusa ta ce, "Asabe, ya haƙuri?" Ta bayanta ma haka. Kafin azahar rumfar ta cika, an aika a kira liman, an aika wa uwar Ilu, wata ta ɗora tukunya. Ni na koma gefe da mazan unguwa muna amsa gaisuwar mutumin da ban taɓa gani ba.

Da la'asar, da na je yin sallama, na tarar ta wanke kwallin. Ta kira Suwaiba ta tsaya a gabanta. Ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya, ta zuba mata a tafin hannu ta ce ta ajiye.

"Gobe ki tashe ni da wuri," ta ce. "Ki wanke wa ƙannenki kaya, ki kai su aski. In mun shiga ofishin aka tambaye ku 'ya'yan wane ne, kada in ga wanda ya sunkuyar da kai. Ku faɗi sunan ubanku da ƙarfi. Ku ce marigayi Kofur Ilu."